Jiragen ruwan dakon kaya masu amfani da makamashin nukiliya

Jirgin ruwan dakon kaya mai amfani da makamashin nukiliya jirgi ne na kasuwanci wanda ke samun ƙarfin tafiya daga tukunyar nukiliya da aka girka a cikinsa, a maimakon injin da ke ƙona baƙin mai ko dizal. Rundunonin sojan ruwa na Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin da Indiya suna amfani da wannan fasaha, musamman a jiragen ƙarƙashin ruwa. A fagen dakon kaya kuwa jirage huɗu kacal aka taɓa ƙerawa: Savannah na Amurka, Otto Hahn na Jamus ta Yamma, Mutsu na Japan da Sevmorput na Tarayyar Sobiyet.

Waɗannan jirage sun tabbatar da cewa tukunyar nukiliya tana iya tura babban jirgi shekara da shekaru ba tare da an ƙara mata makamashi ba. Abubuwan da suka hana fasahar yaɗuwa su ne tsada, da ƙin amincewar tashoshin jiragen ruwa, da rashin yarjejeniya a kan wanda zai biya diyya idan hatsari ya auku. Daga shekarun 2020 batun ya sake tasowa saboda matsin lambar da ake yi wa kamfanonin sufurin ruwa su rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi.

Yadda yake aiki

Tukunyar nukiliya wata ganga ce ta ƙarfe mai kauri wadda ake jera sandunan yuraniyom a cikinta. Idan ƙwayar niyutiron ta bugi ƙwayar zarra ta nau'in yuraniyom-235, sai ta rabe gida biyu, ta saki zafi tare da wasu niyutiron, su kuma su je su raba wasu ƙwayoyin. Ana sarrafa yawan wannan rabuwa da wasu sanduna masu tsotse niyutiron: in aka zura su ciki aikin ya ragu, in aka janye su ya ƙaru.

Dukkan jiragen huɗu sun yi amfani da tukunya mai matsattsen ruwa. A irin wannan tsari ruwan da ke zagaya sandunan yuraniyom yana ɗaukar zafi mai tsanani, amma ba ya tafasa saboda matsin da yake ciki. Ruwan yana bi ta cikin bututu ya miƙa zafinsa ga wani ruwan daban, wanda shi ne ke zama tururi. Tururin yana juya injin mai fukafukai, shi kuma ya juya farfelar jirgin kai tsaye ta hanyar giya, ko kuma ya juya janareto wanda wutarsa ke tuƙa farfelar. Ruwan farko da na biyu ba sa gauraya, domin kada abin da ya gurɓata ya kai ɗakin inji.

Babbar fa'idar tsarin ita ce yawan ƙarfin da ke cikin makamashi kaɗan. Kilo ɗaya na yuraniyom-235, idan ya rabe gaba ɗaya, yana ba da zafin da ya kai kimanin ninki miliyan 2 na abin da kilo ɗaya na mai ke bayarwa. Saboda haka jirgin ba ya buƙatar manyan tankunan mai, kuma ba ya fitar da hayaƙi yayin tafiya. Sai dai tukunyar tana fitar da radiyeshan, wato wani haske da ido ba ya gani mai illa ga jikin ɗan'adam, don haka dole a kewaye ta da garkuwa ta ƙarfe, dalma, kankare da ruwa. Nauyin garkuwar yana cinye wani ɓangare na sararin da rashin tankunan mai ya samar.

Yuraniyom da ake haƙowa daga ƙasa, kamar na Arlit a Jamhuriyar Nijar, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na cikinsa yake nau'in 235. Sai an tace shi kafin ya yi aiki a irin wannan tukunya. Tashoshin wutar lantarki na nukiliya galibi suna amfani da wanda aka tace zuwa kashi 3 zuwa 5, kuma Savannah ma a wannan mataki ya yi aiki. Jiragen yaƙin Amurka suna amfani da wanda ya haura kashi 90, matakin da ya kai na ƙera makami.

Asali

Jirgin ruwa na farko da ya yi tafiya da ƙarfin nukiliya shi ne Nautilus, jirgin ƙarƙashin ruwa na sojan Amurka, wanda ya soma tafiya a watan Janairun 1955 a ƙarƙashin shirin da Hyman Rickover ya jagoranta. Tarayyar Sobiyet ta biyo baya a ɓangaren farar hula da jirgin fasa ƙanƙara mai suna Lenin, wanda ya fara aiki a 1959. A wancan zamani gwamnatoci da dama sun ɗauka cewa nukiliya za ta maye gurbin mai a teku kamar yadda mai ya maye gurbin kwal. Jawabin da Shugaba Dwight Eisenhower ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar 8 ga Disamba, 1953, a kan amfani da nukiliya ta hanyar lumana, shi ne ya share fagen jirgin kasuwanci na farko.

Savannah

Eisenhower ya gabatar da shawarar ƙera jirgin a 1955. An gina shi a Camden da ke jihar New Jersey, kuma matar shugaban, Mamie Eisenhower, ce ta ƙaddamar da shi a ranar 21 ga Yuli, 1959. An ba shi sunan wani tsohon jirgi mai injin tururi da ya ƙetare Tekun Atlantika a 1819. Tsawonsa kimanin mita 182 ne, tukunyarsa da kamfanin Babcock & Wilcox ya ƙera tana ba da zafi na megawat 74, kuma yana gudun kimanin kilomita 39 a awa. Ginin ya ci dala miliyan 46.9, fiye da rabin kuɗin a kan tukunya da makamashinta. Ya yi tafiyarsa ta farko a 1962.

An tsara Savannah ne domin nuni ga duniya, shi ya sa aka yi masa siffa mai kyau, da ɗakunan fasinjoji 30, da wurin ninkaya. Wannan ya rage masa wurin kaya zuwa kimanin tan 8,500, ƙasa da abin da jirage masu girmansa ke ɗauka, kuma rumbunansa suna da wuyar lodi. Ma'aikatansa sun fi na jirgin mai yawa, kuma suna buƙatar horo na musamman. A 1963 rikicin albashi tsakanin injiniyoyinsa da sauran hafsoshi ya tsayar da shi na tsawon watanni. Daga 1965 aka daina ɗaukar fasinja, aka mai da shi na kaya zalla. A daidai lokacin ne kuma jigilar kaya a kwantena ta fara mamaye sufurin teku, abin da ya sa tsarin rumbunansa ya zama tsohon yayi.

Jirgin ya yi tafiyar fiye da mil 450,000 ba tare da wani babban hatsarin nukiliya ba, amma kuɗin tafiyar da shi ya fi na jirgin mai, a zamanin da mai ke da araha ƙwarai. An dakatar da shi a farkon shekarun 1970, aka cire makamashinsa a 1971, shekara biyu kafin tashin farashin mai na 1973. A 1991 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma an ajiye shi a tashar Baltimore.

Otto Hahn

Jamus ta Yamma ta sa wa jirginta sunan masanin kimiyyar da ya gano rabuwar ƙwayar zarra a 1938 tare da Fritz Strassmann. An gina shi a birnin Kiel, aka ƙaddamar da shi a 1964, ya fara aiki a 1968. Jirgin dakon ma'adinai ne wanda kuma ke ɗauke da masu bincike, kuma tukunyarsa tana ba da zafi na megawat 38. Ya yi shekara huɗu yana aiki kafin a sake masa makamashi a 1972.

Ta fuskar fasaha Otto Hahn ya yi nasara. Ya yi tafiyar mil na teku 650,000, wato kimanin kilomita miliyan 1.2, a tafiye-tafiye 126, ya shiga tashoshi 33 a ƙasashe 22. Tashar ƙetare ta farko da ta karɓe shi ita ce Kasablanka a Maroko, a 1970. Matsalarsa ita ce kowace ƙasa sai an yi doguwar tattaunawa da ita kafin ta ba shi izinin shiga, wasu kuma ba su ba da ba sam. Jirgin da ba zai iya zuwa duk inda kaya suke ba, ba zai iya gogayya da sauran jirage ba. An kashe tukunyarsa a 1979, aka cire ta, aka sa masa injin dizal, ya koma jirgin kwantena. Ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin sunaye daban-daban har zuwa 2009, lokacin da aka farfasa shi a Alang da ke Indiya.

Mutsu

An ƙaddamar da Mutsu a Tokyo a 1969, kuma mazauninsa shi ne tashar Ominato a lardin Aomori da ke arewacin Japan. Masuntan yankin sun yi adawa da gwada tukunyar a kusa da ruwan da suke kamun abincinsu, har suka tare hanya da jiragensu. A ƙarshen watan Agustan 1974 jirgin ya fita zuwa tsakiyar Tekun Fasifik domin gwaji. A ranar 1 ga Satumba, yayin da ake ƙara ƙarfin tukunyar, na'urori suka nuna radiyeshan yana fita ta wata kafa a garkuwa, sakamakon kuskure a tsarinta. Abin da ya fita kaɗan ne kuma ba wanda ya jikkata, har ma'aikata suka toshe wurin na wucin gadi da dafaffiyar shinkafa da aka gauraya da sinadarin boron. Duk da haka labarin ya tayar da hankalin jama'a, masunta suka hana jirgin komawa gida, ya yi kusan kwana 50 a teku.

An gyara garkuwar a Sasebo tsakanin 1978 da 1982, aka kuma gina masa sabuwar tasha a Sekinehama. Sai a 1991 ya yi tafiye-tafiyen gwajin da aka ƙera shi dominsu, inda ya yi kimanin kilomita 82,000. An dakatar da shi a 1992, aka cire tukunyar a 1995, aka mai da gangar jikinsa jirgin binciken teku mai suna Mirai. Mutsu bai taɓa ɗaukar kayan kasuwanci ba.

Sevmorput

Sunan jirgin taƙaitawa ce ta kalmomin Rashanci da ke nufin Hanyar Teku ta Arewa, wato hanyar da ta bi gaɓar Sibiriya ta Tekun Aktik. An gina shi a Kerch da ke yankin Kirimiya, aka miƙa shi a ƙarshen 1988. Tsawonsa mita 260 ne, tukunyarsa samfurin KLT-40 tana ba da zafi na megawat 135, kuma yana iya fasa ƙanƙara mai kaurin kusan mita ɗaya da kansa. An tsara shi ya ɗauki manyan kwale-kwalen ƙarfe 74 cike da kaya, waɗanda yake saukewa a kan ruwa a wuraren da babu tasha mai zurfi, ko kuma kwantena fiye da 1,300.

Ya fara aiki ne jim kaɗan bayan hatsarin Chernobyl na 1986, don haka a 1989 hukumomin wasu tashoshin gabashin Tarayyar Sobiyet kanta, ciki har da Vladivostok, suka hana shi shiga na wani lokaci. Daga baya ya fi yin jigila a yankin Aktik daga mazauninsa na Murmansk. Ya yi shekaru a ajiye har aka yi shirin farfasa shi, sai aka sauya shawara aka gyara shi, ya dawo aiki a 2016 a ƙarƙashin Atomflot, reshen hukumar Rosatom. A 2020 ya kama hanyar Antatika da kayan ginin tashar bincike ta Vostok, amma farfelarsa ta karye a kusa da gaɓar Angola, dole ya juyo. A farkon shekarun 2020 shi kaɗai ne jirgin dakon kaya mai nukiliya da ke aiki a duniya.

Inda nukiliya ta samu gindin zama a jiragen farar hula shi ne jiragen fasa ƙanƙara na Rasha. Arktika ya zama jirgin saman ruwa na farko da ya isa Ƙuryar Arewa ta duniya a ranar 17 ga Agusta, 1977, kuma sabon jirgi mai wannan suna ya fara aiki a 2020. Fasa ƙanƙara yana cin ƙarfi sosai, wuraren shan mai suna da nisa, jiragen na gwamnati ne, kuma a cikin ruwan ƙasa ɗaya suke aiki. Wannan yanayi ya bambanta da na jirgin kasuwanci mai yawo tsakanin ƙasashe.

Dalilan da suka hana yaɗuwa

Tsada. Kuɗin jirgin mai yana tafiya ne a hankali wajen sayen mai, na jirgin nukiliya kuwa a farko ake zuba mafi yawansa, wajen ƙera tukunya da sayen makamashin shekaru. A ƙarshen rayuwar jirgin akwai kuma kuɗin kwance tukunyar da adana sharar nukiliya. Sai a 2022 aka fitar da gangar tukunyar Savannah, fiye da shekara 50 bayan ya daina aiki.

Izinin shiga tasha. Kowace ƙasa tana da ikon hana jirgi shiga tasharta. New Zealand ta haramta jiragen nukiliya a ruwanta da dokar 1987. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku ta 1982 ta amince wa irin waɗannan jirage su ratsa ruwan ƙasashe idan suna ɗauke da takardun da ake buƙata, amma ratsawa daban, shiga tasha daban.

Diyya da inshora. Yarjejeniyoyin Paris ta 1960 da Vienna ta 1963 kan diyyar hatsarin nukiliya ba su shafi tukunyar da ke tuƙa jirgi ba. An rattaba hannu a kan wata ta musamman a Brussels a 1962, amma ba ta fara aiki ba, saboda ta haɗa da jiragen yaƙi kuma Amurka da Tarayyar Sobiyet ba su yarda da hakan ba. Savannah ya yi yawo ne bisa lamunin gwamnatin Amurka na dala miliyan 500. Kamfanonin inshorar jiragen ruwa sun saba cire hatsarin nukiliya daga abin da suke ɗaukar nauyinsa.

Tsohuwar doka. Babi na takwas na yarjejeniyar SOLAS kan kare rayuka a teku ya tanadi jiragen nukiliya, kuma Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, wato IMO, ta fitar da ƙa'idojin tsaronsu a 1981. An rubuta su ne domin tukunya mai matsattsen ruwa kawai. Ban da haka, yawancin manyan jiragen kasuwanci suna da rajista a ƙasashe irin su Panama, Laberiya da Tsibiran Marshall, waɗanda ba su da tashoshin nukiliya ko gogewar sa ido a kansu.

Tsaro. Jirgi yana iya karo, ko gobara, ko nutsewa, ko faɗawa hannun 'yan fashin teku kamar yadda aka sha gani a gaɓar Somaliya da Mashigin Gini. Jiragen huɗu ba su yi mummunan hatsarin nukiliya ba, amma an yi a na soja: a 1985 tukunyar wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet ta fashe a Chazhma yayin sauya makamashi, mutum 10 suka mutu. Akwai kuma fargabar karkatar da yuraniyom zuwa makami, shi ya sa manufar duniya ita ce ayyukan farar hula su tsaya ƙasa da kashi 20. Wannan manufa ce ta sa aka sauya makamashin ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 2018.

Sake farfaɗowa

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya, idan aka auna da nauyi, ta teku suke bi. Binciken IMO na 2020 ya nuna cewa a 2018 jiragen ruwa sun fitar da kusan kashi 3 cikin ɗari na iskar da ɗan'adam ke fitarwa mai ɗumama yanayi. Daga ranar 1 ga Janairu, 2020, hukumar ta rage yawan farar wutar da aka yarda ta kasance a man jirgi zuwa kashi 0.5, kuma a 2023 ƙasashe mambobinta suka amince da burin kawar da hayaƙin sufurin ruwa zuwa wajen 2050. Makamashin da ake sa ran zai maye gurbin baƙin mai, kamar amoniya da metanol, yana da tsada, yana cin sarari a jirgi, kuma samar da shi ba tare da hayaƙi ba yana buƙatar wutar lantarki mai yawan gaske. Wannan ne ya sa aka waiwayi nukiliya.

Sabbin shawarwari sun fi karkata ga ƙananan tukwane da za a riƙa ƙerawa da yawa a masana'anta ɗaya. Daga cikinsu akwai mai narkakken gishiri, wadda ba ta buƙatar matsi mai yawa, abin da masu goyon bayanta ke cewa zai rage haɗarin fashewa da kuma faɗin yankin da za a killace idan an samu matsala a tasha. Kamfanin Core Power na Birtaniya yana cikin masu tallata wannan tsari, kuma a 2024 ya shiga nazari tare da Lloyd's Register da kamfanin Maersk kan dokokin da jirgin kwantena mai nukiliya zai buƙata a tashar Turai. A watan Disamban 2023 masana'antar Jiangnan ta ƙasar Sin ta nuna zanen jirgi mai ɗaukar kwantena 24,000 da zai yi aiki da irin wannan tukunya. Birtaniya ta kafa dokar jiragen kasuwanci masu nukiliya a 2022, kuma a 2025 kwamitin tsaron teku na IMO ya amince a fara sabunta ƙa'idojin 1981.

Masu goyon baya suna cewa jirgin da ba ya sayen mai zai iya gudu fiye da na yanzu, waɗanda ke rage gudu domin tsimi, don haka jirage kaɗan za su yi aikin masu yawa. Masu suka suna nuna cewa narkakken gishiri yana cin ƙarfe, cewa tukwanen ba su riga sun yi aikin kasuwanci ko a tudu ba, kuma yuraniyom mai matakin kashi 5 zuwa 20 da yawancinsu ke buƙata ba ya samuwa da yawa a kasuwa. Wasu masana suna ganin za a fara ne da tashoshin wuta masu shawagi a kan ruwa, irin Akademik Lomonosov da ke ba garin Pevek na Rasha wuta tun 2019, ko da jiragen da ke zirga-zirga tsakanin tashoshi biyu na ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu. Tun bayan Sevmorput a 1988 ba a sake ƙaddamar da wani jirgin dakon kaya mai nukiliya ba.